Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Binciken Lafiya Da Halayyar Ɗan'adam A Unguwannin Jos

Zuwa ga farfesoshi da likitoci da malaman jami'a da ɗaliban da ke shigowa unguwanninmu da takardun tambayoyi, da kuma kwamitocin ɗa'a da ke ba su izinin shigowa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Ni haifaffiyar Jos ce, malamar makarantar sakandare, kuma aikin kuza ne ya kawo kakana na wajen uba Filato tun zamanin Turawa. Na shafe shekaru ina amfani da hutun makaranta wajen yi wa ayarin masu bincike tafinta da cike takardun tambayoyi, wasunsu 'yan gida, wasu baƙi daga ƙasashen waje. A dalilin wannan aiki na shiga gidaje a Gangare da Rikkos da Angwan Rogo, na shiga na Tudun Wada da Kabong, na je har Bukuru, na zauna a kan tabarma da kujerar roba ina tambayar mutane yadda suke barci, da abin da idonsu ya gani ranar rikici, da sunan ƙabilarsu da addininsu. Don haka ganau ce ni a kan abin da zan faɗa muku, kuma ina faɗarsa ne a matsayin wadda ta ci abinci da wannan aiki, take kuma son ya ɗore.

Wata tsohuwa ce ta sa na ɗauki alƙalami. A ɗaya daga cikin binciken da na yi wa tafinta, mun shiga ɗakinta da hantsi, muka soma tambayoyi kamar yadda aka tsara su, ɗaya bayan ɗaya. Da muka iso kan tambayar ko ta rasa wani nata a rikici, sai ta ce ɗanta ya fita da safe a ƙarshen Nuwamban 2008, kuma har ranar da muke magana ba ta ga gawarsa ba balle kabarinsa. Ta daɗe tana magana, ta faɗi launin rigar da ya sa, ta faɗi abincin da ta ajiye masa. A takardar da ke hannuna kuwa gurbi biyu ne kawai, na e da na a'a. Na yi alama a na farko, muka gama sauran tambayoyin, muka ba ta sabulu da 'yan kuɗin goro, muka wuce gida na gaba, domin akwai adadin gidajen da dole a cike kafin la'asar. Bayan wasu watanni na haɗu da ita a kasuwa, ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, tun ranar da kuka zo ban sake barcin kirki ba. Maganar da kuka ɗauka, ina kuka kai ta?" Na ce, "Inna, tana wajen masu ilimi." Ba ni da wata amsa da ta wuce wannan, kuma har yau ban samu ba. Ku ne masu ilimin da na ambata mata, shi ya sa na kawo muku tambayarta.

Kada ku ɗauka ina raina amfanin aikinku. Na karanta binciken da wasu likitoci biyu, Obilom da Thacher, suka buga a 2008, wanda suka yi a nan Jos wata bakwai zuwa tara bayan rikicin Satumban 2001. Sun tattauna da mutum 290, suka tarar kashi 41 cikin ɗari na ɗauke da cikakkun alamun ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali: abin da ya faru yana ta dawo wa mutum a mafarki da ido biyu, yana gudun duk abin da zai tuna masa, ƙaramar ƙara tana sa shi zabura. Ranar da na karanta wannan na fahimci abin da ya daɗe yana damun maƙwabcinmu da ba ya iya zama a gida idan yara na wasan nokawut lokacin Kirsimeti, na kuma fahimci wasu abubuwa game da kaina. Irin wannan sani magani ne tun kafin a kai ga magani, domin wanda ya san ciwonsa yana da suna, ya kuma san ba shi kaɗai ba ne, ya rage rabin tsoron cewa hankalinsa ne ke gushewa. To amma mutum nawa ne a Dilimi ko Nasarawa Gwong suka taɓa jin wannan adadi? Bayan 2001 an yi rikicin Yelwan Shendam a 2004, an yi Nuwamban 2008, an yi Janairun 2010 da Dogo Nahawa a Maris ɗin shekarar, an yi bama-baman kasuwar Taminus a Mayun 2014. Kowane ɗaya daga cikinsu ya jawo masu bincike, kuma akasarin abin da aka gano yana kwance da Turanci a mujallun da sai an biya dala ake buɗe su.

Zan fara da batun yarda, domin daga nan komai ke tashi. Mutanen Arewa suna da dalilin ɗari-ɗari da mai farar riga da ya zo da takarda. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye kuwa suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Lokacin da aka dakatar da allurar shan-inna a Kano a 2003, wannan tabo yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa kafa hujja da su, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama, kuma sai a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na san tun 2007 ƙasar nan tana da kundin ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya, na san dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ƙarfafa kwamitocinku, kuma ban taɓa yin aiki da ayarin da ba shi da takardar izini ba. Sai dai abin da ke rubuce daban, abin da ke faruwa a zaure daban. Takardar neman yarda takan kai shafi uku, an fassara ta kalma bayan kalma har ni mai karantawa ba na gane inda ta dosa, kuma matar da za ta dangwala yatsa ta riga ta ji cewa mai unguwa ya amince, mijinta ya ce ta amsa, baƙin kuma sun zo da mota mai tambari. A irin wannan hali kunya ce ke dangwala yatsan. Ina roƙon kwamitocin ɗa'a su daina wadatuwa da ganin fassara a cikin fayil. Ku sa a karanta ta da baki a gaban mutum biyar da ba su yi boko ba, a tambaye su abin da suka fahimta, musamman ko sun gane cewa suna da ikon cewa a'a ba tare da sun rasa magani ko tallafi ba.

Matsalar harshe ba ta tsaya a takardar yarda ba, ta shiga cikin tambayoyin kansu, kuma a nan ne na fi ganin aikinku yana yoyo. Yawancin ma'aunan da kuke zuwa da su an ƙirƙire su ne a Amurka da Ingila. Masana halayyar ɗan'adam da kansu sun yi wannan ƙorafi: wani nazari da aka yi a 2008 a kan manyan mujallun fannin ya nuna kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu arziki, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin ɗari na al'ummar duniya ba. Ku ɗauki takardar nan mai tambaya tara da ake auna ciwon damuwa da ita. Tana tambayar mutum sau nawa a mako biyun da suka wuce ya ji ya yanke ƙauna. Na yi wa ɗaruruwan mata wannan tambaya, Musulmi da Kirista, kuma amsar kusan ɗaya ce. Wannan ta ce "Alhamdu lillahi", waccan ta ce "Mun gode Allah", domin a tarbiyyarmu yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji zunubi ne, kuma babu mai furta shi a gaban baƙo. Sai na rubuta sifili. Amma idan muka ajiye takarda aka kawo ruwa, matar da ta ce lafiya lau ita ce za ta ce mini jikinta ya mutu, kanta yana zafi kamar an ɗora garwashi, wani abu yana yawo a bayanta, zuciyarta tana faɗuwa, tunani ya yi mata yawa. Babu gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan a takardar.

Kalmar "damuwa" ma da ake fassara ciwon da ita tana ɗaukar komai, daga rashin kuɗin makaranta zuwa baƙin cikin da ke hana mutum tashi daga shimfiɗa. Idan kuma aka ce "taɓin hankali", hira ta ƙare, domin babu uwar da za ta yarda a rubuta cewa akwai hauka a gidanta alhali tana da 'yan mata da ba su yi aure ba. Sannan ga haƙuri. Haƙuri shi ne ya riƙe mutanen garin nan suka tashi daga toka suka sake gini, kuma shi ne ke rufe bakin mace shekara goma har hawan jini ya kwantar da ita. Mai binciken da bai iya rarrabe waɗannan fuskoki biyu ba zai koma ofis da lissafi mai tsabta wanda bai yi kama da mu ba.

Wannan ba sabon darasi ba ne a Nijeriya. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye masu ciwon ƙwaƙwalwa a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya, saboda ya gane cewa ba a raba mara lafiya da harshensa da mutanensa sannan a ce an fahimce shi. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya gina shirinsa ne a kan kalmar da mutanen Shona ke amfani da ita, wadda ma'anarta yawan tunani, ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron mutane, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna abin yana rage ciwon sosai. Mu ma muna da kalmominmu. Ina son in ga ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Jos da zai shafe shekara yana tattara yadda Bahaushe da Birom da Afizere da Anaguta da Ngas da Bafulatani ke faɗin ciwon zuciya, ya gina ma'auni daga nan, maimakon ya aro na wani ya yi masa kwaskwarima.

Yanzu zan zo kan abin da ya fi nauyi, wato layin da ke saman kowace takarda, inda aka rubuta ƙabila da addini. A wani gari wannan tambaya ce ta cike gurbi. A Jos tambaya ce da aka tare mutane da ita a kan hanya, kuma amsarta ta raba wanda ya koma gida da wanda bai koma ba. Duk lokacin da na yi ta sai na ga fuskar mutum ta sauya. Ba na cewa ku daina yin ta, domin ba za a gane ciwon garin nan ba idan aka kauce wa batun asali. Abin da nake cewa shi ne ku san nauyin abin da kuka ɗauka, ku kuma gyara akwatunan da kuke zuba mu a ciki.

Akwatin da kuke rubuta wa "Hausa/Fulani" ya haɗa ɗan kasuwar da kakanninsa suka shekara ɗari a cikin gari, da makiyayin da ke ruga a Riyom ko Barikin Ladi, da ɗan ci-ranin da ya zo daga Jigawa bara yana tura baro a Farin Gada. Abincinsu daban, nisansu da asibiti daban, abin da ke hana su barci daban. Akwai Bahaushe Kirista, akwai Birom Musulmi, akwai yarinyar da uwarta Ngas ce ubanta Bakano, wadda duk inda ta je sai a ce ta ɗaya ɓangaren ce. Na taɓa tambayar wani saurayi irin wannan ƙabilarsa, ya yi shiru, sannan ya ce in rubuta duk wadda shugaban ayarin ya fi so. Waɗannan mutanen tsakiya su ne suka fi ɗaukar wahalar rabuwar garin nan, kuma su ne takardunku ke jefawa a gurbin "sauransu".

Na karanta labarin gwajin Henri Tajfel, Bayahuden Polan da ya rasa danginsa a yaƙin duniya na biyu ya kuma ƙare rayuwarsa yana neman sanin abin da ke sa mutane su ware wasu. A farkon shekarun 1970 a garin Biristol na Ingila ya raba 'yan makaranta gida biyu a kan abin da bai taka kara ya karya ba, wato wane mai zane suka fi so, sai ga yaran suna fifita 'yan rukuninsu wajen rabon kuɗi alhali ba su ma san su waye ba. Idan rabon da aka yi da rana ɗaya zai iya haka, ku auna abin da takardar indijin, wato shaidar zama ɗan asalin wuri, ke yi, wadda ke yanke wa yaro hukuncin ko zai samu gurbin karatu ko aikin gwamnati, a garin da gardamar ɗan ƙasa da baƙo ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 da rikicin Afrilun 1994. Mai neman takardar yana jin an ce masa ba nan ne gidansa ba. Mai riƙe da ita yana jin tsoron za a ƙwace masa ƙasar kakanninsa. Dukansu suna kwana da fargaba, kuma fargabar da ta daɗe jiki ne ke biyanta.

Wannan shi ne binciken da nake jira ban gani ya isa ba: yadda rabuwar unguwanni ta zama ciwo. Kwamitocin binciken rikici da gwamnati ta kafa, na Fiberesima da Niki Tobi da Bola Ajibola, sun ƙirga gawarwaki da gidajen da aka ƙone. Ba aikinsu ba ne su ƙirga matar da naƙuda ta kama da dare lokacin zaman ɗar-ɗar, mai Keke Napep ya ce ba zai tsallaka da ita unguwar da asibiti mafi kusa yake ba, ko dattijon da ya bar karɓar maganin suga saboda asibitin da katinsa yake ya koma "wancan ɓangaren", ko tsohuwar da ta sayar da gidan da ta yi shekara talatin a ciki ta koma inda ba ta san kowa ba. Wani babban nazari da Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta suka buga a 2010, wanda ya haɗa bincike 148 da mutum sama da 300,000, ya nuna masu ƙarfin zumunci da mu'amala sun fi marasa shi damar tsawon rai da kashi 50 cikin ɗari. Mu a Jos mun yanke rabin zumuncinmu da hannunmu. Uwata tana da ƙawa Birom da suka yi shekaru suna aika wa juna abincin Salla da na Kirsimeti, kuma bayan 2001 ba su sake haɗuwa ba har ɗayarsu ta rasu. Wannan asara ce ta lafiya, kuma ku ne kuke da kayan aikin auna ta.

Ina kuma gargaɗinku da jadawalin da ke jera ƙabilu ko addinai gefe da gefe a kan abin kunya. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya a cikin shekara guda, kuma kowa ya san yadda tiramadol da kodin suka ci matasan garin nan ba tare da tambayar wanda ke zuwa masallaci ko coci ba. Idan kuka buga cewa matasan unguwa kaza sun fi shaye-shaye, ko matan ƙabila kaza sun fi ɗauke da wata cuta, ba tare da kun bayyana talauci da rashin makaranta da tarihin gudun hijirar da ke ƙarƙashin adadin ba, to ku sani ba a mujalla zai tsaya ba. Wani zai ɗauki hotonsa ya sa a Facebook ko WhatsApp, kuma washegari ya zama makami.

Akwai kuma gefen da ya kamata ku ƙara haskawa, wato inda abin bai lalace ba. Unguwar Dadin Kowa ta haɗa Musulmi da Kirista, kuma ba ta ƙone ba a manyan rikice-rikicen da suka cinye maƙwabtanta. Wata manazarciya, Jana Krause, ta zauna ta bi diddigin dalili, ta buga sakamakon a 2018, inda ta nuna rawar da dattawa da shugabannin addini da mata suka taka wajen riƙe matasansu da hana na waje shigowa. A Kaduna, Alexandra Scacco da Shana Warren sun sa samari Musulmi da Kirista a ajin koyon kwamfuta na mako 16, wasu a cakuɗe wasu a ware. Abin da suka gano ya ba ni mamaki: ra'ayin samarin game da juna bai sauya ba, amma waɗanda suka zauna a aji ɗaya sun fi na ajin ware adalci wajen rabon kuɗi da wanda ba addininsu ɗaya ba. Ma'ana, hali yana iya gyaruwa tun zuciya ba ta gama sauka ba. Wannan magana ce da shugaban makaranta da mai unguwa da Hukumar Samar da Zaman Lafiya ta Jihar Filato za su iya aiki da ita gobe, da an faɗa musu da harshen da suke ji.

Sai batun abin da ke biyo bayan tambaya. Wanda ya buɗe gyambo ya wajaba ya zo da abin ɗauri. Tambaya ta tara a waccan takardar ciwon damuwa tana neman sanin ko mutum ya yi tunanin gara ya mutu. Sau da yawa an amsa mini da e, kuma abin da aka ba ni in miƙa bai wuce lambar waya a ƙasan takarda ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, don haka na san ba za ku iya kawo likita kowane gida ba. Amma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince da haƙƙin mai wannan lalura na samun kulawa da mutunci, kuma bai dace bincike ya zama wurin da ake take wannan haƙƙi ba. Kada kwamiti ya ba da izinin binciken da zai tono rikici ko fyaɗe ko mutuwa sai an nuna masa sunan ma'aikacin jinya ko mai ba da shawarar da zai koma gidan a cikin mako, da kuɗin motar kai wanda abin ya yi wa tsanani asibiti. Ku kuma tuna mu masu tafinta muna komawa gida da waɗannan labarai a kanmu, ba wanda ya taɓa tambayarmu yadda muka kwana.

Kada kuma ku raina inda mutanenmu ke fara zuwa. Kafin a kai mutum asibitin koyarwa a Lamingo ko Jankwano, an riga an kai shi wajen malam an yi ruƙiyya an sha rubutu, ko wajen fasto an yi azumi da addu'a. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada haɗa masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan asibitin matakin farko a Ibadan da Kumasi, sakamakon da suka buga a 2020 ya nuna masu ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani sun fi samun sauƙi idan ɓangarorin biyu suna aiki tare. Filato tana da malamai da fastocin da mutane ke jin maganarsu fiye da ta kowane likita, kuma ban ga dalilin da zai hana a gwada irin wannan a nan ba.

Sirri ma abin dubawa ne. A unguwar da kowa ya san kowa, cire suna daga takarda bai isa ba, domin idan aka rubuta bazawara mai shekara 52 mai 'ya'ya bakwai da ke sayar da masa, an riga an faɗi sunanta. Dokokin hukunta laifuka na ƙasar nan sun daɗe suna ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, kuma abin da mutum ya faɗa game da ranar rikici yana iya jawo masa ramuwar gayya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafe ku kamar yadda ta shafi banki. Na ga muryoyin mutane a ajiye a wayar ɗalibi ba ko makulli.

Babbar buƙatata ita ce ku dawo. Duk binciken da aka yi a unguwa, a ware kuɗi tun a kasafinsa na ranar da za a koma a faɗa wa mutane abin da aka gano, kuma TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da sauran masu ba da tallafi su mayar da wannan sharaɗi kafin su saki kason ƙarshe. Ba abu ne mai tsada ba. Shafi biyu da Hausa mai sauƙi, rabin awa a gidan rediyo, zama ɗaya a makarantar firamare ta unguwa ko harabar asibitin sha-ka-tafi. A Jos Hausa ba ta Hausawa kaɗai ba ce, da ita ake ciniki a Farin Gada, da ita ake wa'azi a masallaci, da ita ake waƙa da karatun Littafi Mai Tsarki a majami'u da yawa, don haka takarda ɗaya za ta shiga ɓangarorin biyu, a ƙara da Birom ko Fulatanci inda ake buƙata. Ku zo da sakamakon tun kafin ku buga shi, ku ji ko mun gane kanmu a ciki, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku kuma sa sunayen matasan da suka taka ƙafa suka tattara bayanan a cikin aikin, ku koya musu nazarin alƙaluman, don wata rana ɗan Gangare ko 'yar Kabong su tsara tambayoyin da kansu.

Tsohuwar da na ba ku labarinta tana nan da ranta, ƙafa ce kawai ta hana ta zuwa kasuwa yanzu. Idan akwai wani a cikinku da ya yi bincike a kan waɗanda suka rasa 'ya'yansu a 2008 kuma yana shirye ya zauna a tabarmarta ya faɗa mata abin da ya gano, ni zan raka shi, zan kuma yi masa tafinta ba tare da ya biya ni ko kwabo ba.

Na gode da sauraronku. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Taku,
'Yar'uwarku, malamar makaranta kuma tafinta,
Jos, Jihar Filato.